Hannun Baba na Dama

Ranar da aka ce za a sallamo Baba daga asibiti, ni babur ɗinsa na wanke. Na fito da shi ƙofar gida tun da hantsi, na kwashe rabin ruwan randar Inna, na dirje shi da sabulu har ƙuda idan ya sauka a kan tanki sai ya zame. Na tura shi wurin mai faci aka ƙara wa tayoyi iska, na dawo na kafe shi daidai bakin zaure da makulli a jiki, don Baba yana saukowa daga mota ya ga ɗansa ya yi hankali. A tunanina duk wanda asibiti ta sallama ya warke ke nan. Haka aka yi mini lokacin da na yi zazzaɓi, na dawo gida na ci tuwo malmala uku a zama ɗaya.

Motar ta iso bayan la'asar. Mutum biyu suka ciccibo Baba daga kujerar baya, ƙafarsa ta dama tana jan ƙasa, hannunsa na dama yana reto kamar an ɗinka masa na wani. Suka zo bakin zaure, babur ya tare hanya. Haka suka tsaya da shi a hannu, wani ya daka mini tsawa in janye wannan abu. Na rikice, na tura babur ɗin da ƙarfi, ya kife a kan akuyar maƙwabtanmu, ita kuma ta yi wani kuka da na tabbata an ji shi har Kaura. Baba ya dubi babur, ya dube ni. Bakinsa ya karkace gefe ɗaya, ban gane ko dariya yake son yi ba ko wani abu.

Shekarata goma sha biyar a lokacin, ina ajin farko na babbar sakandare a nan Zurmi. Baba manomi ne, gero da dawa. Kafin ciwon, idan ya yi gyaran murya a gona tsuntsaye sai sun koma gonar wani. A gonar ciwon ya same shi, ana ɗaurin dawa. Ya sunkuya zai ɗaga dami, ya zauna a ƙasa, bai tashi ba. Aka ce hawan jini ne ya kawo shanyewar ɓarin jiki. Ya yi kwanaki a asibiti a Kaura, Inna tana jinya, ni ina gida ina cin abincin maƙwabta ina ƙiba.

A unguwarmu magidanta ciyayya suke yi. Bayan sallar magariba kowane gida zai fito da akushinsa ƙofar gidan Liman, a shimfiɗa tabarma, a haɗa, a ci tare. Tun kafin a haife ni Baba yake zama a wannan tabarmar, wurinsa ma sananne ne, jikin dakali. Kwana biyu da dawowarsa Liman ya aiko a tambaya ko za a riƙa fito da shi ya sha iska cikinsu. Maganar Baba ta yi nauyi a lokacin, kalma ɗaya sai ya yi kokawa da ita. Ya ɗaga hannun hagu, ya nuna na dama da ke kwance a cinyarsa, ya nuna bakinsa.

"Sai wanga," ya ce.

Inna ce ta fassara wa ɗan aiken. Ba zai zauna cikin mutane ana ba shi a baki ba, ba kuma zai sa hagu a akushin da wasu suke ci ba. Ranar da hannun dama ya kai loma bakinsa, ranar zai fita. Tun daga lokacin duk gidanmu muka koma kallon hannu ɗaya.

Bayan mako biyu aka koma Kaura ganin mai gashi, wato ma'aikacin da ke koya wa masu irin ciwon motsa jiki. Aka tafi da ni don in riƙe jaka. Wani siririn mutum ne mai saurin magana. Ya lanƙwasa hannun Baba, ya miƙe shi, ya buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya ce Baba ya matse masa yatsa. Babban yatsan Baba ya ɗan motsa. Mai gashi ya yi murna kamar an ce matarsa ta haihu.

"Akwai rai a hannun nan," ya ce. Ya juyo gare ni. "Kai ne ɗan bokon gidan?"

Na ce ni ne, na ƙara da cewa ni na zo na uku a aji, wanda ba gaskiya ba ne.

Ya ba ni takarda mai zanen hannuwa. Ya ce in samo faifai biyu, in zuba gyaɗa a ɗaya, Baba ya riƙa tsinta da hannun dama yana sawa a ɗayan, safe da rana da yamma. In riƙa buɗe masa yatsu ina miƙar da gwiwar hannun. Sannan ya ɗaga murya don Inna ta ji.

"Abin da duk zai iya yi da kansa, ku bar shi ya yi, ko da zai kwashe awa guda. Kada ku ji tausayinsa. Watannin nan na farko su ne namu. In suka wuce hannun yana kwance, zai sandare."

Inna ta ce to. Ni kuwa na dawo gida ina tafiya kamar an naɗa ni sarauta. Kafin magariba duk abokaina sun san cewa asibiti ta damƙa mini Baba, kuma daga yau wanda bai kira ni likita ba kada ya sa ran zan amsa.

Abin da mai gashi bai sa a takardarsa ba shi ne dubiya. Tun ana idar da sallar asuba ake fara sallama a zaurenmu. Dangin Baba, dangin Inna, abokan noma, mutanen Sakajiki da suka taɓa sayen iri a hannunsa, wani tsoho da ya ce sun hau mota ɗaya da Baba wata shekara. Na shimfiɗa tabarma na naɗe har hannuna ya yi kanta. Na amsa "ya mai jiki" har wata rana malamin lissafi ya yi mini tambaya a aji na ce masa "da sauƙi, Alhamdu lillahi." Kowa kuma da maganinsa. Wannan ya kawo saiwa, wancan ya kawo rubutu, wani ya ce iska ce ta buge shi a gindin tsamiyar gona. Da Baba ya sha duk abin da aka kawo, da yanzu ganye ya tsiro masa a ka.

Ba a korar mai dubiya, ba a kuma ce masa ya jira. Baba da ya ji sallama sai ya ja mayafi da hagu ya rufe hannun dama, ya gyara zama. Haka hannun zai kwanta a ƙarƙashin mayafi har baƙo ya tashi, kafin in ɗauko faifai wani ya yi sallama. Idan Baba ya miƙa hannu wajen buta, mutum uku za su yi tsere su miƙa masa. Idan hularsa ta goce, kafin ya ɗaga hannu an gyara. Kowa lada yake nema a jikinsa. Ni ina tsaye da takardata a aljihu, ina kallon ranaku suna wucewa, ba ni da bakin da zan ce wa dattijo mai furfura ya bar ubana ya ɗauki butarsa.

Ranar da na samu sarari, wata Talata ce da rana ta yi zafi har masu dubiya suka haƙura. Na shiga da faifaina biyu, na durƙusa. A nan na gane akwai wata matsalar. Ban taɓa sa Baba wani aiki ba tun da aka haife ni. Shi ke cewa in yi, ni in yi, ko in gudu. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Baba, wai an ce ko za a ɗan taɓa gyaɗar nan, in ba damuwa."

Ya dube ni ya daɗe. Sannan ya sa hagu ya ɗauko hannun dama ya ɗora a bakin faifai. Yatsun suka kwanta a kan gyaɗa. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Babban yatsa ya turo ƙwaya ɗaya, ta gangara ta tsaya. Ya sake, ta sake gangarawa. Muna cikin haka aka ɗaga labule.

Goggo ce, yayar Baba, da ke aure a Shinkafi. Goggo idan ta yi faɗa a Shinkafi kajin Zurmi sukan shiga akurki. Ta sauka daga mota ke nan da ƙullin kayanta a ka. Ta dubi faifai, ta dubi gumin da ke fuskar ƙanenta, ta dube ni.

"Mi nika gani haka? Kai, ɗan nema, ubanka zaka sa tsintar gyaɗa awa kaza?"

"Goggo, likita ne ya ce..."

"Likitan uwaka! Shi likitan haka shika yi ma nashi uba? Mutum na kwance Allah ya jarrabe shi, ku ba ku iya yi mai hidima sai wasa da shi? Tashi ka ba ni wuri."

Ta kwashe gyaɗar ta ba Inna ta ce a soya. Da yamma muka cinye kayan aikina da gishiri.

Ba zan ce Goggo muguwa ce ba. Ita ta goyi Baba yana jariri, kuma tun da ta zo ba ta yi barcin kirki ba. Ita ke ba shi kunu a baki da ludayi, tana hura masa. Ita ke wanke masa fuska. Ta shafe hannun da man shanu, ta naɗe shi da tsumma mai ɗumi, ta rataye masa shi a ƙirji don kada iska ta sake shiga. Wani lokaci ina jinta tana yi masa magana ƙasa-ƙasa da sunan da take kiransa suna yara, tana share hawaye da bakin zane. Inna ta gwada sau ɗaya, ta ce, "Yaya, an ce hwa a bar shi shi riƙa motsawa." Goggo ta ce, "In kin gaji da jinya ki hwaɗi, ni ban gaji ba." Inna ba ta ƙara ba. Matar ƙane ba ta ja da yayar miji a kan jikin ɗan'uwanta.

Ranar komawa Kaura ta zo, muka shirya, na je tasha neman mota. Direbobi suka ce yau a dakata, hanya ba lafiya. A wajenmu idan direba ya ce haka ba a tambayar dalili. Aka sa wata rana, ita ma haka. Na kira mai gashi a wayar Inna, ya tambaye ni ƙwaya nawa Baba yake tsinta yanzu. Na ce ana samun ci gaba sosai. Ya ce madalla, likita. Na kashe wayar na ji kamar in shiga rijiya.

Wata na biyu yana ƙarewa Kawu ya zo daga Gurbin Bore. Ɗan kawun Baba ne, wato taubashinsa, makiyayi, dogo, baki duk jan goro. Tsakanin taubasai babu kunya babu girma, abin da ya zo bakin ɗaya shi zai gaya wa ɗaya, kuma ba mai ikon yin fushi. Tun daga zaure muka ji muryarsa.

"Ina ragon nan da an ka ce ya kwanta mata na ba shi a baki? Bawana! Hito ka gaida ubangidanka!"

Ya shiga ɗakin ko takalmi bai gama cirewa ba. Ya tsaya a kan Baba, ya dubi hannun da ke rataye cikin tsumma.

"Wanga hwa? Jariri kas samu? Yaushe suna?"

Goggo ta taso. "Kai, mahaukacin daji, kak ka taɓa shi."

"Yi shiru, amaryata. Ke kin tsuhwa ba ki san gyaran namiji ba."

Goggo ma taubashiyarsa ce, don haka duk tsawarta a kansa ba ta wuce iska ba. Ya kwance tsumman ya jefar. Ya zauna a gefen hagu na Baba, ya kama lafiyayyen hannun ya danne a ƙarƙashin cinyarsa. Ya laluba aljihu ya fito da farin goro babba, ya ajiye a tabarma kusa da hannun dama.

Inna ta leƙo ta ce likita ya hana shi goro.

"Wa yac ce ci zai yi? Ɗauka zai yi. In ya ɗauka ni ka ci." Ya juya ga Baba. "To bismilla. Ko kuwa in kira yara su gani, mai dami ɗari ya kasa ɗaukar goro guda?"

Baba ya yi ƙoƙarin zare hannun hagu, Kawu ya ƙara dannewa. Idon Baba ya yi ja. Bakinsa ya yi ta motsi, sai ga magana ta fito, mafi tsawo da muka ji tun dawowarsa.

"Ɓarawon... akuya. Sake ni."

"A'aha! Ashe bakin na nan. Saura hannu."

Na tsaya a bakin ƙofa ina kallo. Hannun ya ja jiki a kan tabarma kamar kunkuru. Ya taɓa goron, goron ya gudu. Kawu ya dawo da shi yana tsaki, yana ba Baba labarin wata tsohuwa a rugarsu da ta fi shi ƙarfi. A ganina an yi shekara guda a wurin nan, amma Inna ta ce bai fi rabin awa ba. Daga ƙarshe babban yatsa da manuni suka haɗu a kan goron, suka ɗaga shi daga tabarma kamar faɗin yatsa biyu. Kawu ya fizge ya jefa a baki.

"Na gode, bawana. Gobe ma haka."

Baba ya yi dariya. Rabin fuskarsa ce ta yi, kuma yawu ya zubo masa, amma dariya ce. Goggo ta fita tsakar gida tana cewa Allah ya isa.

Kwana uku Kawu ya yi. A kwana ukun nan ko mai dubiya ya zo, sai ya ce masa, "Zauna ka yi kallo, bawana na aiki." Ya hana kowa miƙa wa Baba buta. Ya sa na sayo wata gyaɗar, Baba ya tsinci ƙwaya bakwai a rana ta uku, ni na ƙirga. Na fara tsara yadda zan ba mai gashi labari, da yadda zan nuna cewa dabarata ce. Sai Kawu ya ce zai koma. Ya bar shanu da yara, kuma ana maganar tashi daga wajensu saboda zaman ya ƙi daɗi. Inna ta roƙe shi ya ƙara ko mako ɗaya. Ya daina wasa ya ce mata da zai iya da ya yi.

Washegari na ɗauko faifai. Baba ya gwada sau biyu ya bari, ya jingina da bango. Na yi ta lallashi, ko kallona bai yi ba. Goggo ta tafi gidan suna a maƙwabta, na san ba ni da lokaci mai yawa. Sai wani tunani ya zo mini, irin tunanin da ke zuwa wa mutum ya ɗauka shi ne mai wayon garin. Na ga abin da ya yi aiki da idona. Na zagaya hagu, na kama hannun Baba na danne da gwiwata, na kwaikwayi muryar Kawu har da tsakin.

"Haba rago, ɗauka mana. Ko sai an kira yara su gani?"

Baba ya juyo da kansa a hankali. Bai yi fushi ba, da fushi ya yi da na ji sauƙi. Ya dubi gwiwata a kan hannunsa, ya dubi fuskata.

"Ni?" ya ce.

Na ɗaga gwiwar. Inna tana tsaye a bakin ƙofa da kwanon kunu, ban san tun yaushe ba. Ta matsa gefe kawai don in wuce. Na fita bayan gida wajen rumbu na zauna har la'asar. Ina jira a kira ni a yi mini dukan da zan riƙa ba jikokina labari, ba wanda ya kira ni. Da yamma na koma na durƙusa na ce Baba ya yafe mini. Ya ɗora hannun hagu a kaina ya bar shi ya ɗan jima. Inna ba ta gaya wa Goggo ba har yau.

Ya yafe, amma daga ranar idan na shigo da faifai sai ya juya fuska bango. Inna ta karɓa ta gwada, ya yi mata kwana biyu don kunya, ya bari. Goggo ta mayar da tsummanta.

Sai da aka shiga wata na biyar muka samu komawa Kaura. Mai gashi ya kama hannun zai buɗe yatsun, suka ƙi. Ya sa ƙarfi kaɗan, Baba ya yi ƙara. Na sunkuyar da kai ina jiran ya tambaye ni ina ci gaban da nake ba shi labari a waya. Bai tambaya ba. Ya yaba ƙafar, don Baba ya fara takawa da sanda. Ya ce hannun a ci gaba da miƙar da shi kada ya ƙara ƙanƙancewa. Sannan ya ɗauko cokali, ya naɗe mariƙinsa da tsumma ya yi kauri, ya nuna mini yadda zan cusa shi cikin yatsun in ɗaure da roba.

"Wataƙila," ya ce. Wannan karon bai kira ni likita ba.

Muka yi mako biyu muna gwada cokalin a ɗaki, labule a sake. Wannan Baba ya yarda da shi, don ya ga hanyar komawa tabarmar Liman a ciki. Yakan ɗaga kafaɗa, ya sunkuyo da kai, cokali da baki su haɗu a tsakiya. Cikin biyar, biyu sukan shiga. Liman kuma ya yi ta aike, yana cewa wurinsa na nan jikin dakali ba wanda ya zauna. Wata Alhamis Baba ya ce a ɗauko masa farar rigarsa.

Na riƙe shi muka fita bayan magariba, sanda a hagu, ni a dama, taku ɗaya sai mun huta. Mutanen tabarma suka miƙe gaba ɗaya, ana ta barka da fitowa, wani har da kabbara. Aka zaunar da shi. Aka buɗe akusa, tuwon dawa da miyar kuka. Na durƙusa a bayansa na ɗaura cokalin da robar tayar keke. Liman ya gutsuro tuwo ƙanana ya tura gabansa. Aka yi bismilla.

Cokalin ya shiga, ya ɗebo. Ya taso a hankali, ya wuce gwiwa, ya kai ƙirji. A nan hannun ya karkace. Lomar ta faɗo a kan farar riga, miya ta ja zare har cinya.

Nan take duk dattawan nan suka ga wani abu mai muhimmanci a wani wuri. Ɗaya ya dubi sama ya ce kamar hadari na haɗuwa, alhali ko gajimare babu. Wani ya fara maganar taki da ƙarfi. Kowa ya sa ido a akushi kamar an ɓoye zinariya a ciki. Baba ya sake ɗebowa. Wannan ko ƙirji ba ta kai ba. Maganar taki ta ƙara ƙarfi. Ina durƙushe a baya ina addu'a a zuciyata wani ya yi dariya, wani ya ce masa rago, ko ɓarawon akuya, ko me. Duk mutanen kirki ne, ba wanda ya yi.

Liman ya matso ya yi ƙasa da murya. "Malam, ka ci da hagun. Lalura ce, addini bai matsa maka ba. Mu nan duk 'yan'uwanka ne."

Sauran suka ce ƙwarai, ƙwarai kuwa, ba komai.

Baba ya dubi rigarsa. Ya miƙo mini hannun ba tare da ya waiwayo ba, na gane, na kwance robar. Ta bar masa shaida a bayan hannu.

"Kai ni ciki," ya ce.

Tafiyar komawa ta fi ta fitowa tsawo. A zaure ya tsaya ya huta, ya jingina da ni, na ji nauyinsa duka a kafaɗata. Ina so in ce wani abu mai ban dariya, don ni a gidanmu aikina ke nan, na laluba kaina ban samu ko ɗaya ba.

Damina biyu ke nan yanzu. Goggo ta koma Shinkafi, takan zo duk bayan 'yan watanni da man shanunta. Kawu ya tashi da shanunsa zuwa wani wuri mai nisa, sai dai a waya, idan an samu layi, ya zagi Baba na minti biyu, Baba ya yi rabin dariyarsa. Gona ni da ƙanen Inna muke yi. Baba yana takawa da sanda har masallacin unguwa, ya yi salla a zaune, ya gaisa da mutane da kai. Maganarsa ta ɗan saki. Kowace safiya Inna tana buɗe yatsun da ƙyar ta wanke tafin ta shafa mai, suna komawa da ta saki.

Hannun bai dawo ba. Baba da hagu yake ci, da cokali, shi kaɗai a ɗakinsa. Akushin gidanmu ni nake kai shi ƙofar Liman bayan magariba in dawo, kuma Baba bai sake zama a tabarmar ba.